Sabon Ringi da Doyar Orozo

A shekarun farko da soja suka koma bariki, arziki ya sauko wa Abuja kamar famfo ya ɓalle, kuma cikin ikon Allah ya jiƙa kowa a ma'aikatarmu ban da ni. Mutanen da muka kama aiki rana ɗaya da su, muna haɗa hannu a kwanon shinkafa a bayan sakatariya, sai ga su da manyan motoci masu baƙin gilashi, da wayar salula bibbiyu, ɗaya a kunne ɗaya a ƙugu. Ni kuwa ina sashen ajiyar fayil, inda babu kwangila babu tafiya, sai gara da kyankyasai. Gidana yana Masaka, wato a wata jihar ma, kullum da safe nake shigowa birnin tarayya kamar ɗan ci-rani. Abin hawana wata tsohuwar mota ce 'yar Kwatano, wadda wani Bature ya gama more ƙuruciyarta kafin ya tuna da mu.

Motar nan ta yi mini hidima shekara huɗu, sannan ta fara shan baƙin mai. Da farko kurɓa take yi, daga baya ta koma kwankwaɗa. Duk abin da ta sha kuma sai ta mayar wa jama'a ta salansa, hayaƙi shuɗi mai kauri. Idan na tashe ta da safe, kajin maƙwabta sukan canja unguwa. 'Yan acaɓa suna wuce ni suna toshe hanci suna yi mini addu'o'in da ba a cewa amin.

Abin da ya karya mini gwiwa ya faru ne a harabar ofis. An tashi aiki, na murɗa makulli, motar ta yi tari ta saki gajimarenta, daidai lokacin da Darakta yake fitowa cikin farar shadda. Bai ce mini komai ba, mutumin kirki ne. Ya dai tsaya ya zaro hankici. Washegari maigadi ya tare ni a ƙofa da fara'a, ya ce an ba ni sabon wurin ajiye mota, can baya kusa da janareto. “Ai 'yan uwan juna ne, yallaɓai,” in ji shi, “sai su riƙa hira.”

A wannan makon na kai ta wurin bakanike.

Bakaniken nan dattijo ne mutumin Filato, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma babba ne a cocinsu. Garejinsa yana Orozo, ƙarƙashin mangwaro biyu, a gefen hanyar Karshi. Kowa Masta yake ce masa. Hausarsa irin ta Abuja ce, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, mota “yana” tafiya, Madam “ya” zo. Ya kwance fulogi ɗaya, ya duba bakinsa da ya yi baƙi ƙirin yana maiƙo, ya miƙo mini kamar likita yana nuna wa majinyaci hoton ƙirji.

“Oga, ringi ya mutu. Sai mun sauke inji.”

Na tambaye shi mene ne ringi, ba don ban taɓa jin sunan ba, sai don in nuna masa ni mutum ne mai bincike. Ya ɗauko wani tsohon fistan daga ƙasa, ya nuna mini zobban ƙarfe sirara da ke zagaye da shi. Su ne suke manne wa bangon silinda, in ji shi, su hana mai hawa sama ya ƙone, su hana ƙarfin wuta zurarewa ƙasa. Nawa sun cinye, sun saki. Zai kai bulok ɗin injin can unguwar Idu a rarake shi a goge, ya sa sababbin fistan da ringi, ya ɗaure.

Kwana goma sha biyu na yi ina hawa bas, ana cusa ni tsakanin buhun garin kwaki da gwiwar wani. A rana ta goma sha uku, Asabar ce, na je ɗaukar mota. Matata ta raka ni. Malamar firamare ce a Masaka, kuma tana da wata baiwa da na daɗe ina fama da ita: idan aka yi magana a gabanta, takan ji dukkanta.

Masta ya tashi motar. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Injin yana kaɗawa lumui, kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya goge hannu da tsumma, ya tsaya ya yi mini huɗuba. Na ji ya ce sabon inji ne, a bi shi a hankali har ya yi kilomita dubu. Na ji ya ce kada in kwashe shi da gudu. Ya ci gaba da magana, yana ɗaga hannu sama yana saukewa, amma ni a lokacin na riga na tafi. Ina can cikin tunanin yadda zan shiga harabar ofis ranar Litinin, da irin kallon da zan yi wa maigadi. “A hankali” na ji, kuma “a hankali” ta dace da halina. Shekara goma sha ɗaya ina aikin gwamnati, babu wanda zai koya mini yin abu a hankali.

Daga ranar na kafa dokoki. Na samo kwali, na rubuta da babban baƙi, SABON INJI, A YI HAƘURI A WUCE, na manna a gilashin baya. Na yanke wa kaina gudun arba'in, ko da titi babu kowa, ko da gangara ce. Na sauke safaya taya da jak na ajiye a ɗaki don kada su yi wa injin nauyi. Na hana kunna rediyo. Kowace safiya, bayan na dawo daga masallaci gari ya waye, sai in tashi motar in bar ta tana silo, wato inji yana kaɗawa tana tsaye, rabin awa cur, ni kuma ina zaune a kan benci da kofin shayi ina saurarenta kamar mai jiran jariri ya yi gyatsa.

Doka ta ƙarshe ita ce ta jawo mini magana. Na ce babu ɗaukar fasinja, har da iyali.

“Malam,” in ji matata, “wato ni ce nauyin?”

Na ce ba haka nake nufi ba, magana ce ta kimiyya.

“To, Allah ya ba kimiyya lafiya. Amma ni dai ba haka na ji mutumin nan ya faɗa ba.”

Na yi murmushi irin na wanda ya yi digiri. Na ce ta bar wa maza harkar inji. Ta ce ta bari, har da kwalin.

Wanda bai san hanyar Masaka zuwa cikin gari a wancan zamani ba, bai san haƙuri ba. Arzikin da ya sauko ya sa kowa ya sayi mota, amma bai sa titi ya ƙara faɗi ba. Daga Mararraba zuwa Nyanya zuwa hawan Kugbo, motoci a jere suke kamar sahun Idi, sai a yi awa biyu ana matsawa taku-taku. A nan injina yake wuni yana silo, ni kuma ina murna, ina cewa ai ga hutu ya samu. In an fita daga cunkoson, titi ya buɗe, kowa ya taka wuta, sai ni in kafe a arba'in ɗina a tsakiyar hanya, hannu biyu a sitiyari. Tirela ta wuce ni. Motar ɗibar shara ta wuce ni. Wata rana wani mai keke ɗauke da katifa ya jera da ni tun daga gadar sama har kusan sakatariya, ya leƙo ya ce, “Alhaji, ko in ja ka?” Wani direban bas kuma ya karanta kwalina, ya zuro kai ya ce in sabon inji ne haka, to Allah ya jiƙan tsohon.

Duk na shanye. Ina ganin kaina kamar mai azumi a cikin masu ci.

Sati na biyu na lura da ɗan hayaƙi a madubi. Na ce ragowar na da ne yake fita. Sati na uku na zaro sandar awon mai, na ga ya sauka ƙasa da rabi. Na ƙara mai, na rage gudu zuwa talatin da biyar, na ƙara wa silon safe minti goma. Hayaƙin ya ƙaru. A ofis kuwa, ban ma kai ga neman a mayar da ni wurina na da ba. Maigadi ya dubi salansa, ya dube ni, ya nuna mini hanyar janareto da ladabi.

Ranar Asabar na nufi Orozo a fusace, a gudun talatin da biyar. Tun daga Karu nake tsara jawabin da zan yi. Na tanadi kalmar “amana”, na tanadi “jabun kaya”, har da wata jimla ta Turanci mai tsawo da nake ajiye wa irin wannan rana. Matata ta ce za ta bi ni, ta ce wannan kallon ba ya wuce ta, kuma in nauyinta ne damuwata, ba ta karya ba tukuna.

Na tarar da Masta a ƙarƙashin wata akori-kura. Ya fito, ya saurari jawabina har ƙarshe, har da Turancin. Sannan ya zagaya bayan motar, ya sa yatsa cikin salansa, ya duba. Idonsa ya faɗa kan kwalin. Ya karanta shi a hankali, yana motsa leɓe.

“Oga, nawa kake gudu?”

Na ce arba'in, da alfahari. Na ƙara da cewa kwanan nan ma na rage.

“Kullum arba'in? Ba ka hawa, ba ka sauka?”

Na ce ko da wasa.

“Da safe fa?”

Na gaya masa zancen silon rabin awa. Na gaya masa na cire safaya. Ina jiran yabo.

Masta ya ɗora hannu biyu a ka. Ya juya ya kalli mangwaro, ya kira sunan Allah da harshensu, sannan ya juyo wurin matata. “Madam, kai kana wurin ranar nan. Me na faɗa?”

Ita kuwa kamar an ce ta tashi ta karanta hadda. “Ka ce kada ya wuce tamanin. Ka ce kada ya tsaya a gudu ɗaya, ya riƙa ba ta wuta yana saki. Ka ce kada ya bar ta tana silo. Ka ce ya nemi hawa ya hau, da mutane a ciki. Ka ce in ta yi ɗari biyar ya kawo a juye mai.”

“Ka ji!” in ji Masta. “Madam ya fi ka kai, Oga. Da shi na ba makulli.”

Ta ce a'a, ai an ce ta bar wa maza harkar inji.

Ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar kujerar mota, ya yi mini bayanin da ya riga ya yi sati uku da suka wuce. Bangon silinda da aka goge a Idu, in ji shi, da gangan aka bar masa kaushi, kamar sabon dutsen niƙa. Sabon ringi sai ya gogu da wannan kaushin kafin ya zauna daram. Abin da yake danna ringin a bango kuwa shi ne ƙarfin wuta, lokacin da aka taka totur injin yana jan nauyi. In ana lallaɓa shi, ringin shafa bangon kawai yake yi, mai ya ƙone ya like a wurin, bangon ya yi santsi kamar kwalba, ringin bai zauna ba. Daga nan sai shan mai da hayaƙi har abada.

“Kai ka ɗauka jariri ne,” ya ce. “Ka lalata shi da gata.”

Na tambaya da ƙaramar murya ko akwai magani. Ya ce akwai gwaji ɗaya. In ya yi, to. In bai yi ba, sai a sake sauke inji a koma Idu, ni kuma in koma bas. Ya cire kwalina, ya shimfiɗa a ƙasa, ya durƙusa a kai ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya ce aƙalla ya yi amfani.

Sai ya ce muna bukatar nauyi. Ya tsallaka titi ya shiga wani gida, ya fito da matarsa da wasu mata biyu 'yan ƙungiyar mawaƙan cocinsu, kowacce Allah ya yi mata albarkar jiki. Dama suna da doya a wata gona wajen Karshi da suke neman motar da za ta kwaso musu. Ni na zauna a gaba kusa da Masta, su uku suka cika baya, matata ta ce ita ma a matsa mata, ai yau ranar masu nauyi ce. Motar ta zauna a kan tayoyinta. Na ji abin har cikin haƙarƙarina.

Muka je gonar, aka cika but da doya har sai da aka ɗaure murfin da igiya. Sannan Masta ya nufi wani dogon hawa da ke tsakanin duwatsun wajen. A gindin hawan ya sa giya ta uku, ya taka totur kusan har ƙasa. Injin da na yi sati uku ina yi wa magana da raɗa ya buɗe murya ya yi ruri. Allurar maleji ta tashi daga talatin, ta wuce arba'in ɗina ko sallama babu, ta wuce sittin, ta doshi tamanin. Na riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan dashbod, ina karanto duk abin da ya zo bakina. Ina jin har addu'ar shiga kasuwa na yi. Da muka kai tamanin sai ya ɗage ƙafa gaba ɗaya, bai taɓa birki ba, bai taɓa kuloci ba, ya bar motar tana jan kanta da giya har ta sauko talatin. Ya sake takawa.

“Wuta, saki,” yake cewa. “Wuta, saki. Oga, buɗe ido ka gani, ba kallon mutuwa ka zo ba.”

A madubi hayaƙi ne ya rufe hanya, har wani mai babur ya tsaya gefe yana fifita da hula. Na ce Masta, za ka kashe ta. Ya ce in ya mutu shi zai ɗaure wani. Matan baya kuwa ko a jikinsu. Suka ɗauko waƙar coci da Hausa, ɗaya tana bayarwa biyu suna amsawa, suna tafi daidai da hawa da saukar injin. Can na ji wata murya ta huɗu tana bin amshin a hankali, ba kalmomin ba, karin kawai. Ban juya ba. Na san muryar.

Mun hau hawan nan mun sauko ya fi sau goma. Wajen na bakwai na lura hayaƙin ya fara sirancewa. Wajen na goma sai in na ƙura ido nake ganinsa. Masta ya tsaya a gefe, ya buɗe bonet ya taɓa lagireto, ya saurara, ya ce saura ni. Na zauna a mazaunin direba. Na taka totur kamar mai taka ƙwai.

“Taka!” in ji Masta.

“Taka, Oga!” in ji matan coci.

“Malam, don girman Allah taka,” in ji matata.

Na taka. Motar ta yunƙura da mu da doyarmu, ta haye. Ban san lokacin da na yi dariya ba, irin dariyar da mutum yake yi in ya tsallake rami. Rabon da in wuce arba'in har na manta yadda iska take shigowa ta taga.

Da muka koma gareji ya juye man tun yana da zafi, ya tara a wani kwano ya kai rana ya nuna mini. Wasu 'yan ƙananan abubuwa suna ƙyalli a ciki kamar garin azurfa. Na tsorata, na ce injin ne yake narkewa. Ya ce a'a, kaushin ne ya fara goguwa, abin da ya kamata ya faru tun satin farko. Ya sa sabon mai da sabuwar fita mai tace shi, ya ce in riƙa yin wuta-saki a hanyar Keffi duk yamma in an tashi aiki, in daina shayin silo, kuma in mayar da safaya tun kafin Allah ya kama ni a daji. Matarsa ta zaɓo manyan doya huɗu ta sa wa matata a but.

Cikin kwana goma hayaƙin ya ɗauke ƙaf. Sandar awon mai ta tsaya inda take. Ban ce wa matata ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba, ta dai riƙa tambayata kowace safiya ko yau kimiyya ta yarda a rage mata hanya zuwa makaranta.

Sati biyu bayan haka, ranar Juma'a da yamma, wayata ta yi ƙara. Masta ne. Ya tambayi lafiyar mota, na ce sai godiya. Sai ya ce shi dai hankalinsa bai gama kwanciya da silinda ta uku ba, yana ganin injin yana bukatar ƙarin nauyi sau ɗaya. In zo gobe da safe. Na je da sauri. Na tarar da matan nan uku a bakin gareji da buhunan masara. Asabar ta gaba silinda ta biyu ce take ba shi tsoro, kuma aka yi sa'a akwai rogo. Ta bayanta gyaɗa ce za a kai kasuwar Karu. Ni da digirina ina tuƙi, ina wuta ina saki, ina tambayarsa ko ringin ya kusa zama, shi kuma yana karkata kunne wajen bonet da fuskar damuwa yana cewa saura kaɗan.

Sai da kaka ta ƙare, amfanin gona ya gama shigowa gida, sannan Masta ya saurari injin, ya buga bonet da tafin hannu, ya ce yanzu ringi ya zauna. A hanyar komawa Masaka na ce wa matata anya mutumin nan ba wayo ya yi mini ba. Ta ce tun Asabar ta biyu ta gane. Na ce to me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ɗakin ajiyarmu bai taɓa cika irin na bana ba, kuma matar Masta ta yi mata alkawarin wake.